Manhajar koyon baƙaƙe da ƙirga ta yara: mu ƙirƙiro tamu ko mu shiga wadda ake da ita?

Baban Khalifa:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Mu uku ne, biyu sun iya JavaScript, ta ukun malamar firamare ce. Muna son mu yi aikin sa-kai: manhajar da yara 'yan shekara 4 zuwa 7 za su koyi baƙaƙe da ƙirga zuwa 20, kyauta, kod ɗinta a buɗe ga kowa, kuma ta yi aiki ba intanet a kan tsohuwar waya mai RAM gigabait 1 ko 2. Kowannenmu bai fi awa 6 a mako yake da ita ba. Shin mu fara tamu daga tushe, ko mu shiga wata da ake da ita? Kuma ina ne irin wannan aiki ya fi tsayawa a hanya? Masana a taimaka.

Injiniya_Sa-kai:

Wa alaikumus salam, Baban Khalifa. Allah Ya ba da ladan niyya. Ku shiga wadda ake da ita.

Wasan da yaro yake gani a allo shi ne ɓangare mafi ƙanƙanta na aikin. Abin da ke cinye lokaci shi ne abin da ke kewaye da wasan: tsarin fassara, kunna muryoyi, daidaita hoto da kowane girman allo, da haɗa fayil ɗin girkawa na Android da Windows da Linux. Awa 18 a mako, ku ukun, za ta ƙare a nan na watanni kafin yaro ya taɓa harafi ɗaya. GCompris, wata manhajar koyarwar yara ta kyauta mai buɗaɗɗen kod, ta riga ta gama da wannan. Bruno Coudoin ne ya fara ta a 2000, yanzu tana ƙarƙashin KDE (ƙungiyar masu haɗa manhajoji masu buɗaɗɗen kod), tana da wasanni fiye da 100 na yara 'yan shekara 2 zuwa 10, kuma da QML (harshen tsara abin da ake gani a allo) da JavaScript ake rubuta wasanninta, wato abin da kuka iya.

Ga yadda za ku shiga. Ku buɗe asusu a KDE Invent (shafin da KDE take ajiye kod), ku kwafi ma'ajiyar kod ɗin da Git (manhajar bibiyar canje-canjen kod), sannan ku harhaɗa manhajar da CMake (kayan aikin harhaɗa kod) har ta tashi a kwamfutarku kafin ku canza ko da waƙafi. A nan ne yawancin sababbi suke karaya, kuma kusan kullum dalilin ɗaya ne: sigar Qt (tushen da aka gina GCompris a kansa) da ke kwamfutar ba ita ake buƙata ba, ko kuma an girka Qt ba tare da ɓangarorin Multimedia da SVG ba. Ku karanta layin farko na kuskuren da CMake ya nuna, don shi ne yake faɗin abin da ya ɓace. Sauran layukan bin sa kawai suke yi.

Bayan ta tashi, ku gyara wata 'yar ƙaramar matsala daga jerin waɗanda aka kai rahoto, don ku ga yadda masu kula da aikin suke duba gyara. Sai ku rubuta musu bayanin wasan da kuke nufi kafin ku fara kod: shekarun yaran, abin da za su koya, matakai nawa. Sau da yawa amsar da za ku samu ita ce akwai wasan da yake yin haka, jerin kalmomi ko sabon mataki kawai yake buƙata. Wannan amsa alheri ce, ta rage muku aikin wata uku.

Idan sun amince, a cikin src/activities akwai createit.sh da ke ƙirƙirar muku kwarangwal ɗin sabon wasa. Za ku samu ActivityInfo.qml inda ake sa suna, manufa da wahalar wasa daga 1 zuwa 6, fayil ɗin QML na abin da ake gani, fayil ɗin JavaScript na ƙa'idojin wasa, da jakar resource ta hotuna. Kowane aiki a reshensa na Git, kowace buƙatar haɗa gyara a kan abu ɗaya. Mai dubawa shi ma ɗan sa-kai ne. Layi 200 zai karanta a zama ɗaya, layi 3000 kuwa sai ya yi ta ɗagawa.

Game da tsohuwar waya: girman fayil ɗin hoto ba shi ne abin da yake ci a RAM ba. Hoton PNG mai fiksel 2048 sau 2048, ko da kilobait 300 ne a ajiye, idan aka buɗe shi yana cin megabait 16, domin kowane fiksel bait 4 ne. Goma irinsa a shafi ɗaya, Android za ta kashe manhajar ba sallama. Ku yi zane da SVG, kuma ku sa sourceSize a kowane Image na QML daidai da girman da za a nuna shi.

Malama Mai Fassara:

Malam Injiniya ya yi gaskiya. Bari in tsaya a kan murya da rubutu, don yaro ɗan shekara 4 ba ya karatu. Duk umarnin da aka rubuta ba a furta ba, ga iyaye aka yi shi.

Ku fara da jadawali tun kafin makirfo: kowane layi da sunan fayil, da abin da za a faɗa, da wurin da za a kunna shi. Baƙaƙe, lambobi 0 zuwa 20, kalmomin misali, umarni, da kalaman yabo aƙalla guda 6, don yaro yana gajiya da jin “madalla” iri ɗaya sau arba'in. Mutum ɗaya ya ɗauki dukan baƙaƙe a zama ɗaya, a ɗaki ɗaya mai labule ko katifa da za su shanye amsa-kuwwa. Idan aka raba kwana biyu, za a ji bambancin sautin ɗaki tsakanin “b” da “d”. Makirfo ya yi nisan santimita 15 zuwa 20 daga baki, a ɗan karkace, saboda iskar “f” da “t” kada ta buge shi. Audacity, manhajar ɗaukar murya ta kyauta, ta isa: layin sauti ɗaya, 44.1 kHz, bit 16, ƙololuwar ƙara kada ta wuce -3 dB. A yanke shirun da ke farkon kowane guntu ya koma kamar kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa. Idan aka bar shiru na rabin daƙiƙa, yaro zai taɓa, bai ji komai ba, ya sake taɓawa, sai muryar ta yi ta farawa tana katsewa.

Ku lissafa girma tun yanzu. Guntu 600 masu daƙiƙa 2 minti 20 ke nan. A WAV, tsarin sautin da ba a matse ba, ya haura megabait 100. A Ogg, tsarin da aka matse, mai kilobit 64 a daƙiƙa, bai kai megabait 10 ba. Ku ajiye WAV ɗin a matsayin asali, ku saka Ogg a manhaja.

Sai rubutu. Duk jimlar da za a gani ta shiga cikin qsTr(), umarnin da ke ware rubutu don fassara, kuma ta shiga a cike. Kuskuren da ya fi yawa shi ne a haɗa jimla daga guntaye, a ce kalmar “akwai”, sai lamba, sai kalmar “ƙwallo”. A wani harshe lamba tana gaba, a wani tana baya, mai fassara kuwa ba shi da ikon juya su. A rubuta jimla ɗaya da %1 a gurbin lamba. Jam'i ma haka: Turanci siffa 2 gare shi, Rashanci 3, Larabci 6, don haka kada a yi masa dabarar ƙara harafi a cikin kod. A bar wa kowane maɓalli sarari kamar kashi 30 cikin 100 fiye da tsawon rubutun asali.

Abu na ƙarshe, wanda ya shafi wasan baƙaƙe kai tsaye. Idan kuka sa kwamfuta ta farfasa kalma da kanta, “tsuntsu” za ta fito t, s, u, alhali “ts” harafi ɗaya ne a wurin mai koyo, haka “sh”. Jerin haruffan kowane harshe ya zauna a fayil ɗin bayanai, a rubuta kalma a rarrabe da hannu. Sannan ku gwada samfurin haruffanku (font) da ƙ, ɗ, ɓ, ƴ manya da ƙanana. Idan babu su a ciki, waya za ta aro daga wani samfuri, harafin ya fito siriri a tsakiyar masu kauri, ko ya fito ɗan akwati. Andika, samfurin haruffa na ƙungiyar SIL, don masu koyon karatu aka zana ta, tana da su duka, kuma “a” ɗinta irin wadda ake rubutawa da hannu ce.

Baban Khalifa:

Allah Ya saka da alheri, Malama. Batun “ts” bai taɓa zo mana a rai ba. To hotuna fa, za mu iya ɗauko na intanet tunda ba sayarwa za mu yi ba?

Yaya Babba:

A'a, ƙanena. Hoton da ba a rubuta masa lasisi ba, haƙƙinsa na mai shi ne, ko kun sayar ko ba ku sayar ba. Ku nemi mai lasisin Creative Commons da ke ba da izinin amfani: CC0, CC BY ko CC BY-SA. Ku guji mai alamar NC: yana hana amfani na kasuwanci, saboda haka ba ya cikin lasisi mai 'yanci, kuma Debian, wani nau'in Linux, ba ta karɓar sa a babbar ma'ajiyarta. Ranar da kuka sauke hoto, ranar za ku rubuta sunan mai shi, lasisi da inda aka samo a fayil ɗaya. Ba a fafe gora ranar tafiya. Bayan wata shida babu wanda zai tuna daga ina zanen kaza ya fito, sai a sake zana shi. Mai ba da murya ma ya sa hannu a takarda cewa ya saki muryarsa a kan lasisi kaza. Idan muryar yaro ce, iyayensa ne za su sa hannu.

Kada manhajar ta tara komai game da yaro. A Amurka dokar COPPA ta 1998 ta shafi 'yan ƙasa da shekara 13, a Turai dokar kare bayanai ta GDPR ma tana da sashe kan yara. Mafita mafi sauƙi ita ce babu asusu, babu talla, babu kod ɗin aro mai bibiyar masu amfani.

Uwar Biyu:

Ni dai ban yarda da Malam Injiniya ɗari bisa ɗari ba. Idan malamarku tana da tsarin koyarwa na musamman, misali baƙi kaza kafin kaza, da wasula a haɗe, GCompris ba lallai ta karɓe shi yadda kuke so ba, don tana yi wa harsuna da yawa hidima ne. Akwai tsaka-tsaki: Sugarizer, wadda ta fito daga Sugar, manhajar kwamfutocin yara na shirin OLPC (kwamfuta ɗaya ga kowane yaro), da HTML da JavaScript zalla ake yi mata wasa, kuma tana tashi a burauza. Amma duk wadda kuka zaɓa, ku san cewa kula da manhaja ya fi haihuwarta wuya. GCompris kanta sai da aka fara sake rubuta ta daga GTK zuwa Qt a 2014 saboda allon taɓawa. Scratch, manhajar koya wa yara rubuta kod, ta bar fasahar Flash a 2019, Flash ta mutu a ƙarshen 2020. An daina tallafa wa Python 2 a 2020, aka bar wasannin Sugar da yawa suna jiran mai ɗaukar su zuwa Python 3. Mutum uku su kaɗai, idan ɗaya ya samu sabon aiki, wa zai yi wannan?

Abin da na fi so ku ji shi ne gwaji. Kada ku jira kod. Ku zana shafukan a takarda, malamarku ta zama “kwamfuta” tana canza takarda idan yaro ya taɓa. Da samfurin farko ya tashi, ku gwada da yara biyar, ɗaya bayan ɗaya, minti 10 zuwa 15, da izinin iyaye, ba ɗaukar hoton fuska. Mutum ɗaya ya zauna gefe yana rubutawa, kuma kowa ya kama bakinsa. Da zarar babba ya ce “taɓa nan”, gwajin ya lalace.

Ga abin da za ku gani. Yaro yana riƙe waya babban yatsansa na hagu a kwance a gefen allo, yana taɓawa da dama, manhaja ba ta amsawa. Dalili: MouseArea, ɓangaren QML mai karɓar taɓawa, taɓawa ɗaya take ganewa, kuma yatsan hagu ya riga ya cinye ta. Ku yi amfani da MultiPointTouchArea, ko ku bar gefen allo fili. Za ku ga yana jan harafi, yatsa ya ɗago a rabin hanya, harafin ya koma gida, fuskarsa ta canza. Ku bar abin ya tsaya inda aka sake shi, ku faɗaɗa wurin saukarsa ya riƙa fizgo shi idan ya matso, ko ku ba da zaɓin taɓa wannan sannan a taɓa wancan. Ma'aunin Android na maɓalli, 48dp, kusan milimita 9 ne, na manya ne. Ga ɗan shekara 4 ku kai shi kusan santimita 2. Babu taɓawa biyu a jere, babu dannawa a riƙe, babu agogo mai ƙirga lokaci a matakan farko, babu abin da ke walƙiya fiye da sau 3 a daƙiƙa saboda masu farfaɗiya.

Kuma ku lura da sautin kuskure. Idan ya fi na daidai daɗi, yara za su riƙa zaɓar kuskure da gangan don su ji shi. Haka in zaɓi biyu ne kawai, sai su yi ta taɓawa har a dace ba su duba ba. A sa zaɓi uku ko huɗu, a sauya musu wuri bayan kowace amsa, kuma bayan kuskure na biyu murya ta sake furta harafin a hankali maimakon a ce masa bai yi daidai ba.

Injiniya_Sa-kai:

Na karɓi gyaran, Uwar Biyu. To Baban Khalifa, ku raba haka: wata na farko, ku biyu ku tayar da GCompris da Sugarizer a kwamfuta ku gyara ƙaramar matsala ɗaya a kowacce, malama kuma ta rubuta jerin baƙaƙe da kalmomi ta gwada takardun da yara. Jerin nan ya kasance a fayil ɗin JSON daban da kod, ta yadda duk inda kuka zaɓa za ku ɗauke shi ku tafi da shi. Ku samu wayar gigabait 1 ta gaske tun makon farko, don kwaikwayon waya a kwamfuta ba ya nuna jinkirin murya ko ƙarancin RAM.