Wai kayan duba ba a saya, sai dai a ba ka?

Uwar Biyu: Salam jama'a. Raina a ɓace yake, bari in amayar ko na samu sauƙi. Na daɗe ina sha'awar katunan nan na tarot, waɗanda Turawa ke duba da su, saboda zanen da ke jikinsu, sai na tara kuɗina na yi oda. Jiya suka iso, guda 78 cif a kwalinsu. Ko ledar ban gama ɓarewa ba sai ga aminiyata ta shigo. Tana ganinsu ta ja da baya kamar ta taka kunama. Tambayarta ta farko, wa ya ba ki? Na ce saya na yi. Sai ta kama haɓa, wai ai ba a saya, sai dai a ba mutum kyauta, in ka saya da kuɗinka ba za su taɓa faɗa maka gaskiya ba, tsiya ma za su jawo maka. Ta ɗauki kwalin da yatsu biyu ta ajiye bayan ƙofa, wai kar ya kwana kusa da yara. Abin haushin, ita tana da nata tun bara, wata ce ta ba ta, amma ko sau ɗaya ba ta ce min "ungo" ba. To in zauna jiran wa? Don Allah wannan ba camfi ba ne?

Malam Ƙarami: Wa alaikumus salam. Baiwar Allah, kalmar nan ta "camfi" da kika rufe da ita ce ta ba ni dariya. Kina tsakiyar kogi kina kukan yayyafi. In sharaɗin kyauta camfi ne, su katunan da kike jira su faɗa miki gaskiya menene sunansu?

Uwar Biyu: Malam, ni ban ce duba zan yi ba. Zane na ce ina so.

Malam Ƙarami: To me ya dame ki da za su faɗi gaskiya ko ba za su faɗa ba? Zane ai ba ya magana.

Anti Mai Gaskiya: Malam ka bar yarinya ta sha iska. Ƙorafi ta kawo kan ƙawarta, ba fatawa ta zo nema ba. Kuma ba kowane abu ne camfi ba. Camfi shi ne abin da aka tsorata mutum da shi ba dalili. Wannan kuwa ladabi ne na masu abin. Duk wani ilimi na ɓoye daga hannu yake zuwa hannu, malami ya miƙa wa ɗalibi kayan aiki tare da izini. Kyautar alama ce ta an yarda da kai.

Ɗan Boko: Anti, in an tsorata mutum da tsiya don ya sayi kwalin takarda, wane suna ya rage in ba camfi ba? Bari in kawo tarihi, don na ga ana ta zagaye. A arewacin Italiya tarot ya fito, wajajen 1440, kuma karta ce ta wasa, ba ruwanta da duba. Masu mulkin Milan, gidan Visconti, kuɗi suka biya masu zane aka yi musu nasu har da ruwan zinare. Ita kartar ma asalinta daga Masar ta zamanin Mamluk ta shiga Turai a shekarun 1370, da kofuna da takubba da tsabar kuɗi a jiki. Sai a 1781 wani Bafaranshe, Court de Gébelin, ya ce wai sirrin limaman tsohuwar Masar ne a ɓoye cikin katunan. Lokacin ba wanda ya iya karanta rubutun Fir'aunawa, sai 1822 Champollion ya warware shi, kuma ba a ga ko ƙurar tarot a ciki ba.

Anti Mai Gaskiya: Ga shi nan, an taɓo shi ya buɗe makaranta. Wa ya tambaye ka Fir'auna?

Ɗan Boko: Ban gama ba Anti. Wanda ya fara buga katunan musamman don duba, Alliette, da ya juya sunansa ya koma Etteilla, ɗan kasuwa ne, sayar da su yake yi a Paris. Waɗanda aka fi sani a duniya yau kuma, na 1909, kamfanin Rider ne ya buga su a Landan ya kai kanti. Pamela Colman Smith ta zana, har ta yi ƙorafin an biya ta kaɗan. Tun farko abin ciniki ne. Kuma ku tsaya ku yi lissafi: wadda ta ba ƙawar Uwar Biyu kyauta, ita daga sama suka faɗo mata? Wani dai ya saya.

Baban Yara: Ni a nan na tsaya. In kowa zai jira kyauta, mai kanti ya rufe, mai kyautar ma ta rasa abin bayarwa.

Anti Mai Gaskiya: Ai saya wa wani daban, saya wa kai daban. Ɗan Boko ya san haka, so yake kawai a ce ya yi karatu.

Malam Ƙarami: Ku kuna faɗa kan ƙofar da za a shiga, ni gidan ne gaba ɗaya nake cewa kar a shiga. Hadisi ne ingantacce a Muslim, wanda ya je wurin mai duba ya tambaye shi wani abu, ba a karɓar sallarsa ta kwana arba'in. Ba a ce sai in sayen kayan ya yi ba. Shi kuma tsoron cewa kaza zai jawo tsiya, shi ne ɗiyara, kuma Annabi (SAW) ya kira ta shirka. Ke da ƙawarki duk kuna buƙatar nasiha, ita ta camfa sayen, ke kin sayi abin camfin.

Uwar Biyu: Malam sau nawa zan ce zane nake so? Ɗazu na buɗe ina kallo, na lamba 13 ƙwarangwal ne a kan farin doki riƙe da baƙar tuta, ga yaro ya durƙusa a gabansa. Wallahi aikin hannu ne mai kyau.

Hajiya Babba: Innalillahi! Ƙwarangwal kike ajiyewa a ɗakin da 'ya'yanki ke kwana? 'Yar nan, ƙawarki ta fi ki hankali.

Baban Yara: Hajiya, ita ma ƙawar ƙwarangwal ɗin ne a jakarta, nata dai na kyauta ne.

Hajiya Babba: Kai ban da kai nake ba. Amma tunda ana maganar kyauta, ni ko carbi ban taɓa saya wa kaina ba. Wanda nake ja yanzu mahaifiyata ce ta bar min, ƙwayoyin har sun yi santsi, sau biyu ina sake masa zare. In na riƙe shi nutsuwar daban take. Wannan ma Ɗan Boko zai ce camfi ne?

Ɗan Boko: A'a Hajiya, wannan ƙauna ce. Zai zama camfi ranar da kika ce tasbihin wanda ya sayi nasa ba ya hawa. Carbi ai abin ƙirga ne. Namu 33 ko 99, na Katolika 59, na mabiya Buddha da Hindu 108, kuma kowa a kasuwa yake samu.

Hajiya Babba: Au, carbina kake haɗawa da na masu gunki? Yaro, ka iya bakinka.

Malam Ƙarami: Shi carbin ma akwai magana. Ƙirga da yatsu ya fi, don an ce za a tambaye su ranar ƙiyama kuma za su yi magana.

Almajirin Shehu: Na san za a zo nan. Duk inda aka fara, sai kun ɓullo da carbi bidi'a ne. Malamai nawa suka halatta shi? Ku da kuke danna ɗan na'urar ƙirga a yatsa, ita a wane hadisi ta zo?

Malam Ƙarami: Ban ce bidi'a ba, na ce yatsu sun fi. Ka karanta kafin ka yi tsalle.

Almajirin Shehu: Mun san inda maganar take dosa. Kuma Anti ta yi gaskiya kan izini. Wuridi ma ba a tsintarsa a littafi a kama, sai an ba ka.

Malam Ƙarami: To ka ji, yanzu wuridinku da katin boka sun zama layi ɗaya, da bakinka ka jera su.

Almajirin Shehu: Allah ya isa in haka na ce.

Baban Yara: Ni tambayata ɗaya. Masu bugun ƙasa fa? Rairayi ne kawai da yatsa, su ɗiga ɗigo su fitar da siffofi 16. Su ma sai an ba su rairayin kyauta?

Ɗan Boko: Wannan ma daga Larabawa Turawa suka koya, ilmur ramli, a ƙarni na 12 aka fassara shi zuwa Latin a Sifen.

Anti Mai Gaskiya: Wani ya ƙwace wayar yaron nan don Allah.

Uwar Biyu: Jama'a, har yanzu ba wanda ya ce min komai kan ƙawar tawa. In kira ta ne ko in share?

Shugaban Zaure: To, maganar ta yi tsawo, zan taƙaita in rufe. Abin da na fahimta, kusan kowa ya yarda cewa abin da aka karɓa daga hannun na gaba ya fi albarka, kamar yadda Anti da Hajiya da ɗan'uwa Almajirin Shehu suka yi bayani mai gamsarwa. Ɗan Boko ya kawo tarihin Turawa, mun gode, sai dai bai taɓo tambayar ba. Malam Ƙarami ya yi nasiha, amma da ya bar zancen carbi da ya fi. Ita kuma Uwar Biyu ta je ta ba ƙawarta haƙuri, don kalmar "camfi" ta yi nauyi. A daina turo saƙo kan wannan.

Baban Yara: Shugaba, "kusan kowa" ɗin nan mutum uku ne, kuma ɗaya yayarka ce.

Uwar Biyu: Ni ce ma zan ba da haƙurin? Kwalin da ta jefar min bayan ƙofa har gefensa ya lotse.