Seramik, girafin ko na feshi: wanne ya dace da baƙar mota mai kwana a waje?

Abban Sadik:

Assalamu alaikum jama'a. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar fentin mota. Na sayi Camry baƙa ƙirar 2015, 'yar Kwatano. Fentinta na nan da kyau, sai dai idan rana ta haska bonet za ka ga wasu siraran layuka kamar saƙar gizo-gizo. Na je wurin masu gyaran jikin mota a nan Kano, suka ba ni zaɓi uku na abin da ake shafa wa mota don kare fenti: seramik na shekara 2, wani da suka ce 9H ne mai shekara 5, sai mai girafin wanda ya fi su duka tsada. Wani abokina kuma ya ce in rabu da su, in sayi na feshi a kwalba in yi da kaina.

Motar tana kwana a ƙofar gida ƙarƙashin darbejiya, babu rumfa, kuma ina yawan bin hanyar Zariya zuwa Kaduna. Abu biyu nake so: kada fentin ya koɗe, kuma tsakuwa ta daina tsattsage min gaban mota. Wanne zan ɗauka?

Mai Fentin Ƙofar Ruwa:

Wa alaikumus salam Alhaji. Allah ya sa alheri, ya tsare hanya.

Zan fara da buƙatarka ta biyu, don a nan ne mutane suka fi zubar da kuɗi. Babu seramik ɗin da zai tare tsakuwa, ko na shekara nawa ne. Ruwa ne mai ɗauke da sinadarin silika, abin da ake yin gilashi da shi. Ana shafa shi, ya bushe, ya kama jikin fenti ya zama ɓawo siriri. Kaurinsa maikiron 1 zuwa 2 ne (maikiron dubu ne ke yin milimita ɗaya). Man sheƙin da kamfani ke fesawa a saman kala, wanda mu muke ce wa kiliya, yana kai maikiron 40 zuwa 50, amma duk da haka tsakuwa tana huda shi. To ina ga wanda bai wuce kashi ɗaya cikin ashirin nasa ba?

Shi kuma 9H ɗin nan ma'aunin fensir ne. Ana goga fensir mafi tauri a kan abin da aka shafa, in bai karce ba sai a rubuta 9H. Yashi ya fi kowane fensir tauri nesa ba kusa ba, kuma ƙurar hunturu da iska ke kwaso mana daga Sahara, musamman kwarin Bodele na Chadi, cike take da ɓarɓashin irin wannan. Ranar da yaro ya sa busasshen tsumma ya share ƙurar nan da sassafe, ya karce motar, da seramik ko babu. Layukan da kake gani a bonet, yawanci daga nan suka fito.

Amfaninsa na gaskiya kuwa yana da yawa, ba na kushe shi. Ruwa ba ya kwanciya, datti ba ya kamawa sosai, wanki ya yi sauƙi, kashin tsuntsu da ƙaron bishiya ba sa cin fenti da wuri, kuma yana rage dukan da rana ke yi wa kiliya. Baƙar mota da aka yi wa aikin yadda ya kamata, wallahi sai ka tsaya kallonta.

Amma fa aikin ba a kwalba yake ba, a shiri yake. Sai an wanke, an cire kwalta da tsatsar da ta maƙale, an bi jikin da laka ta musamman mai tsince datti, sannan a sa injin goge ya kwantar da layukan nan, a share da sifirit don kada maiƙo ya rage. Sai bayan duk wannan a shafa. In aka shafa a kan layukan, an rufe su ke nan a ciki, za ka ci gaba da ganinsu har ranar da aka sake sa inji. Saboda haka ka tambaye su kwana nawa motar za ta yi a hannunsu. Wanda ya ce maka awa biyu ya isa, ka yi masa godiya ka tafi. Ka kuma duba ko suna da ɗaki rufaffe, domin ƙura in ta sauka kan ɗanyen shafi tana zama a ciki, zafin rana kuma yana busar da shi kafin a daidaita, ya bar dabbare-dabbare. Bayan an gama, awa 24 ba ruwa, mako guda ba sabulu.

Tunda 'yar Kwatano ce, a sa na'urar auna kaurin fenti a bi ƙofa-ƙofa. Na kamfani yakan tsaya tsakanin maikiron 100 da 180. Inda ka ga ya haura 300, an sake fesa wurin ko an cika shi da foti, wato cikon da ake toshe lotsawa da shi. In fentin sabo ne a jira wata ɗaya zuwa uku ya gama shan iska.

Da ni ne kai, na shekara 2 zan ɗauka, in sa ragowar kuɗin a gogewa mai kyau. Shekara 5 ɗin da ake faɗa tana zuwa da sharaɗin kulawa, motar da ke kwana a waje kuma tana shan ranar Afrilu ta Kano da wuya ta kai can.

Injiniyan Gusau:

Malam ya gama magana, ni girafin kawai zan taɓa. Shi ainihin girafin abin mamaki ne, shimfiɗar kabon ce mai kaurin ƙwayar zarra ɗaya. Andre Geim da Konstantin Novoselov ne suka ware shi a Jami'ar Manchester a 2004, har suka samu kyautar Nobel a 2010. Wanda ke cikin kwalbar mota kuwa wani ɗan'uwansa ne da aka sarrafa da iskar oksijin, ana zuba ɗan kaɗan a cikin ruwan silikan da Malam ya bayyana. Wato seramik ne dai da ƙari.

Masu sayarwa suna cewa yana rage tabon ruwa. Wannan matsala ce ta gaske a wurinmu, saboda ruwan burtsatse a wurare da yawa yana da kanwa-kanwa. Seramik yana dunƙule ruwa ya zama ɗigo-ɗigo, rana ta busar da ɗigon, ya bar farin zobe, a baƙar mota kuwa ba ya ɓuya. Ni dai a ganina tawul mai tsabta da wanki a inuwa sun fi ƙarin kuɗin nan magance shi.

Maman Iman, Kubwa:

Ni na feshin nake amfani da shi, na Turtle Wax, a farar Corolla. Bayan an wanke an tsane nake fesa wa ƙyalle in bi jikin, duk bayan wata uku ko huɗu. Ya ishe ni, amma motata a ƙarƙashin rumfa take kwana, kuma fari yana rufa wa karce asiri. Yaya, taka baƙa ce, na feshi ba zai cire layukan da suka riga suka fito ba. Zai fi maka amfani daga baya, a riƙa ƙara shi a kan na ƙwararru.

Direban Maraɗi:

Maganar tsakuwa, ɗan'uwa, leda ce maganinta. Ba ledar canza kala ba, akwai wata garai-garai mai kauri da ake mannawa, tana kai maikiron 150 zuwa 200. Kamfanonin 3M da XPEL suna yin ta, kuma mai kyau in ta ɗan karce zafin rana yana mayar da ita. Ba sai ka rufe motar duka ba. Bamba, gaban bonet, bayan madubai da fitilu sun wadatar. Ka guji mai araha marar suna, tana komawa ruwan ɗorawa ta tsattsage, cire ta kuma yakan tafi da fentin da aka sake fesawa. A fara manna leda, sannan a shafa seramik a kai. In an juya tsarin ba ta kamawa.

Abban Sadik:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Zan yi leda a gaba, seramik na shekara 2 a sauran jiki. Saura wanki. Malam, wurin da nake kai ta da Omo suke yi, soso ɗaya tun daga taya har rufi. Zai lalata aikin?

Mai Fentin Ƙofar Ruwa:

Zai gajarta masa kwana, Alhaji, sosan ma ya fi Omon ɓarna, don yashin taya yake kwasowa ya kai kan ƙofa. Ka sayi sabulun mota marar kaifi da ƙyallen maikirofaiba guda uku ko huɗu, ka ajiye a but, ka riƙa miƙa musu da hannunka. A fara kwara ruwa ƙura ta sauka kafin hannu ya taɓa jiki. Bokiti biyu, ɗaya na kumfa ɗaya na ɗauraye ƙyalle, taya kuma da nata soson daban. Ka tsaya a kansu sau biyu za su riƙe, in ka ɗan ƙara musu wani abu ma sun fi kowa murna.

Sai darbejiyar nan. Inuwarta na da daɗi, amma tsuntsaye a kanta suke kwana, kashinsu kuma in ya gasu a rana kan baƙin bonet yana iya barin shaida ko da akwai seramik. Ka ga ya sauka, jiƙa ƙyalle ka ɗora minti kaɗan, ka ɗauke, kada ka dirza. In da hali ka kafa 'yar rumfar kwano a gefe.

Ranar aikin kuma ka ce a buɗe kwalbar a gabanka, ka karanta sunan kamfanin da ranar da aka yi ta, a rubuta maka su a rasit tare da shekarun da suka yi alkawari.