An ce sinadarin girma ya yi wa ɗana ƙaranci, in sayo allura?

Maman Sadiku, unguwar Zariya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Yarona shekararsa 11, ya yi ƙiba har wandon lakwal na bara ba ya wuce masa cinya, bayan wuyansa ya yi baƙi kamar ba ya wanka. Mun yi analiz ɗin jini, takarda ta nuna sinadarin girma, wanda suke rubutawa GH, ya kusa sifili. Maƙwabciyata ta ce akwai allurarsa a Kano, tana narkar da kitse. Babansa har ya fara lissafin kuɗin mota.

Isufu mai labo: Wa alaikumus salam Hajiya. Ki dakatar da Alhaji tukuna. Wata 'yar ƙwaya ce a ƙasan ƙwaƙwalwa take sakin sinadarin nan, kuma ba kullum take zubo shi ba, kamar famfon unguwa ne, ya kawo ya ɗauke. Mafi yawansa da dare yake fita, bayan barci ya yi nauyi. Da hantsi ko ni aka ɗebi jinina ana iya samun kusan sifili. Shi ya sa ɗiba ɗaya ba ta nuna komai. Likita kan fara da awon IGF-1, wani sinadari da hanta ke yi idan sinadarin girma ya motsa ta, don shi ba ya hawa da sauka haka. In da shakka, sai a kwantar da yaro ba ci ba sha, a ba shi magani irin clonidine ko glucagon, a riƙa ɗibar jini duk rabin awa har awa biyu ko uku. To ita ƙiba da kanta tana danne sinadarin, musamman kitsen ciki, har a wannan gwajin ma. In jiki ya ragu yakan dawo daidai. Yaya tsawonsa?

Maman Sadiku: Malam, a layin aji can baya ake tsai da shi. Ya kamo yayarsa 'yar 13.

Inna Rabi, tsohuwar ma'aikaciyar jinya: Alhamdu lillahi, ɗiyata. Wanda sinadarin ya yi wa ƙaranci da gaske gajere yake zama, shekara ta zagayo rigarsa ba ta ɗage ba. Ni wuyan nan ya fi tsaya mini. Ki daina dirza shi da soso, ba dauɗa ba ce, sau da yawa alama ce insulin, sinadarin da ke daidaita suga, ya yi yawa a jini. A auna masa suga da hawan jini. Allurar kuwa ƙara suga take yi, ga tsada, ga huda kullum. Sannan ki faɗa mini gaskiya, an taɓa ba shi ƙwayoyin sa ƙiba na masu tebur? Wasunsu dexamethasone ne, suna kumbura fuska.

Maman Sadiku: A'a Inna, sai dai lemun kwalba da fanke, kakarsa ba ta iya hana shi. Litinin zan kai shi wajen likitan yara da katin awonsa na jarirai. Azumi zai yi kafin awon sugan?

Isufu mai labo: I, awa 8. Ruwa kawai zai sha.