Musayar Waƙa: Wa Zai Bi Mu Falgore Neman Dodo?

Ɗan Rimi:
Salamu alaikum 'yan uwa. Na san da yawanku kun ji muryar nan da ake ta turawa a waya, ta masuncin da ya ce da magariba ya ga wani abu tsaye da ƙafa biyu a bakin Kogin Kano, ta cikin dajin Falgore, har ya bar sawu a kan yashi. Ni dai na gaji da "an ce". Ga gayyata:

Da sunan Ilahi da shi zan tuna,
Ya yafe kurenmu ya shirya mana.

Ana ta batun wani dodo bana,
Cikin Falgore ne yake bayyana.

Ƙafa biyu ne, ga shi gashi buzu,
Masunta da sun gan shi sai razana.

A bakin ruwa sawu nai ya tsaya,
Tsawonsa taƙi biyu, an ce mana.

Ranar Asabar mu haɗu Kwanar Dangora,
Ragon namiji ya tsaya, ban hana.

Mai Alli na Zazzau:
Bakano idan ka ji ya ce mu je,
Akwai ciniki ne a bayan shiri.

Ya kamo shi dodon ya ɗaure shi tam,
Ya kai shi ya kasa a Kantin Kwari.

Ku ne kuka taɓa cewa kuɗi
Sun shige tumbin goggon biri.

Ga wanda ya manta: a 2019 ne aka yi ta yayata cewa goggon biri, wato gorilla, ya haɗiye naira miliyan 6.8 a gidan zoo na Kano, har sai da gwamna ya fito ya ce babu irin wannan dabbar a wurin. Mutanen da suka ga birin da babu shi, yanzu sun ga dodo.

Ɗan Rimi:
Malam, ka ajiye alli ka zo mu tafi,
Daji ba aji ba ne na Zariya.

A can babu allo, babu rijista,
Ba a ce wa kura "tashi ki tsaya".

In dodo ya tare ka, miƙa masa digiri,
Mu kam ka gan mu mun juya baya.

Ɗan Ruga:
Ni na yi kiwo a gefen Falgore,
Na san abin da ke yawon dare.

Ba dodo ba ne, ku bar ɓarnar mai,
Wani baƙo ne, Babarbare.

Da rana mutum ne da hula zanna,
Da dare kura, yana neman tsire.

Ku kira Yerwa ku ji ko yana gida,
In bai ɗauka ba, zance ya ƙare.

Goggon Haɗeja:
Kai Ɗan Ruga! Allah ya ƙara basira. Tun da aka fara, yanzu na ji waƙa. Sauran duk share fage ne.

Bakatsine:
Goggo, ai ke duk wanda ya kawo miki nono shi ne mawaƙi. Wancan satin ma haka kika ce da ya yi baitin da ko amsa-amo babu.

Goggon Haɗeja:
Ɗan Katsina, rufe bakinka,
Ba a sa ka a wannan ba.

Ku kunya kuke taƙama da ita,
Amma ba ta hana ka gulma ba.

In an tafi daji kai ne a ƙarshe,
In an gudo ba a riga ka ba.

Bakatsine:
Ni ban ce komai ba Goggo,
Sunanki kawai na duba.

An ce abin da ke dajin goggo ne,
To ki je ku gaisa, ba baƙo ba.

Goggon Haɗeja:
Za ka zo Haɗeja cin kifi ai. Ina jiranka.

Ɗan Ruga:
Jama'a ku shaida, awa shida ke nan Yerwa bai ce uffan ba. Rana ta faɗi kuma.

Mai Alli na Zazzau:
Kafin a tafi ko'ina, a gyara gida. Ɗan Rimi, waƙarka ta buɗewa a karin waƙa na Mutaƙarab ka ɗora ta, kuma ka yi ƙoƙari, ban ɓoye ba. Kowane ɗango gaɓa 11: "Da su-nan, I-la-hi, da shi zan, tu-na." Ɗaya marar nauyi, biyu masu nauyi, wato fa'ulun, haka har ƙarshe. Amma da ka zo "Ranar Asabar mu haɗu Kwanar Dangora", sai jaki ya kayar da kaya. Ƙirga: gaɓa 13. Ka fara da mai nauyi inda ake son marar nauyi, ka cusa sunan gari da ƙarfi kamar ana ɗura buhu a bayan Golf. Kalmar Asabar ce ta ɓata ka, gaɓoɓi biyu marasa nauyi a jere. Da ka ce:

Talata mu taru a hanya mu je,

da ya zauna daram. Ta-la-ta, fa'ulun cif.

Ɗan Rimi:
Ikon Allah. Wato in ɗage tafiya zuwa Talata, ranar da kowa yana wurin aiki, don fa'ulun ta ji daɗi?

Malam, ka ce mu sauya rana
Don ɗango ya zauna daidai.

To gobe ka ce mu sauya dodo,
Mu nemo mai gaɓa bakwai.

Bakatsine:
Ni a nan ina bayan Bakano, ko da ba halina ba ne. Malam, kalangu ya san fa'ulun? Makaɗan fada da na noma da na maza sun yi shekaru aru-aru suna waƙa, ba wanda ya riƙe masu ma'auni. Kunne ne alƙali.

Kakana ya yi waƙar noma,
Gero ya tsaya, dawa ta nuna.

Bai san Basiɗi ba, bai san Rajazi ba,
Ko sau ɗaya bai rasa amo a gona.

Mai Alli na Zazzau:
Kakanka da baki ya yi, ganga na cike masa giɓi. Inda gaɓa ta gaza sai ya ja murya. Mu a nan rubutu muke, babu ganga, babu 'yan amshi. Rubutacciyar waƙa tun zamanin masu jihadi a kan karin Larabawa aka fi gina ta. Halilu ɗan Ahmad na Basra ya fitar da bahari, wato karin waƙa, guda 15, almajirin ilimin nan Ahfash ya ƙara Mutadarak suka zama 16. Wanda ya hau ɗaya daga ciki da kansa, ba wanda ya tilasta shi, to ya kai shi gida. Kuma kai ma ɗangonka na uku ya fi na farko da gaɓa huɗu.

Bakatsine:
Ƙirga da kyau Malam.

Mai Alli na Zazzau:
Na ƙirga. Ka-ka-na ya yi wa-ƙar no-ma, 9. Na ukun 12. To uku ne, ba huɗu ba. Na karɓi wannan, amma gurgu gurgu ne.

Goggon Haɗeja:
Ni ban yi makarantar aruli ba, a bakin murhu na koyi tawa. Amma Malam, tun ɗazu nake rera abin nan ina tuƙa tuwo. Me zai hana a ce:

A ran Asabar ne mu taru mu je?

Rera ka ji. Gaɓa 11, Asabar tana nan, ba a taɓa ranar kowa ba.

Ɗan Rimi:
Allahu akbar! Goggo ta kayar da jami'a da muciya!

Ɗan Ruga:
Malam shiru? Ko alli ya ƙare?

Mai Alli na Zazzau:
Ya hau. Akwai zihafi, wato ɗan canji a nauyin gaɓa, a ƙafa ta farko, amma halattacce ne, Ɗan Rimi ma ya yi irinsa a "Ana ta batun". Na sallama wannan ɗangon kaɗai.

Bakatsine:
Ni dai ban yaba ba. Sa'a ce.

Tsohon Maharbi:
Yara, na karanta duka. Kun yi baiti ya fi ashirin, ba wanda ya tambayi yatsu nawa ne a sawun.

Na bi sawu tun ban da gemu,
Har gemun ya koma fari.

Wanda bai san tafin kura ba
Shi ke cewa ya ga aljani a gari.

Ku saurara. Sawun kura yatsu huɗu ne da alamar farce, kuma na gaba ya fi na baya girma, don gabanta ya fi bayanta nauyi. Goggon biri kuwa yatsu biyar, ƙafarsa ta baya doguwa ce da babban yatsa a ware kamar na hannu. Yana miƙewa tsaye in yana son hango abu a cikin ciyawa, kuma babban namiji da gashin kafaɗa, a duhun magariba, ga wanda tsoro ya riga ya kama, ya isa dodo. Batun taƙi biyu kuma: jiƙaƙƙen yashi yana zubewa ya faɗaɗa sawu, sannan in ƙafar baya ta sauka a kan ta gaba sai su haɗu su zama ɗaya dogo. Ban ce abin da masuncin ya gani ke nan ba. Na ce ku san waɗannan kafin ku je, kada ku dawo da hoton sawun biri kuna kabbara.

In za ku je, ga sharaɗina:

Ku fara da dagaci ku kai gaisuwa,
Ba a shiga daji ta bayan gari.

Ku nemi izinin masu gandu,
Da ɗan gari mai sanin sarari.

Sojoji na atisaye a dajin,
Kar a ɗauke ku 'yan ta'adda da gari.

Ku sa takalmi mai rufe idon sawu,
Kububuwa ba ta jiran shiri.

Wannan na ƙarshen ba wasa ba ne. Asibitin da ya shahara da maganin saran maciji yana Kaltungo, jihar Gombe, ku dubi nisansa daga Tudun Wada. Ba kwana a ciki, a shiga da hantsi a fito kafin la'asar. Dajin nan ya sha zama maɓoyar ɓarayin shanu da masu tare hanyar Jos, abin da nake tsoro ke nan, ba mai gashi ba. Ku riƙe kwalin ashana, in kun ga sawu ku ajiye shi a gefe kafin ku ɗauki hoto, don a gane girmansa. Kuma kada mutum goma su tattake wurin kafin mai kyamara ya iso.

Ɗan Rimi:
Baba, Allah ya ja kwana. Kai ne jagora, ba musu.

Mai Alli na Zazzau:
Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Sai dai "gari" ta zo sau biyu a amsa-amo cikin waƙa ta biyu.

Goggon Haɗeja:
Malam, ka ji tsoron Allah. Har Baba?

Tsohon Maharbi:
Bar shi 'yata. Da shi za mu, shi zai riƙe ashanar.

Yerwa:
Salamu alaikum. Sai yau na ga abin da bawana ya rubuta.

Ina gona kan gero, babu caji a wayata,
Na dawo na tarar Ɗan Ruga ya taɓa zuriyata.

In ni kura ne da dare, to ka gode Allah Fulata,
Da na fara da naggenka, in bar maka ƙaho da fata.

An ce dogo, an ce gashi buzu, wa aka siffanta?
Ku dubi hoton Ɗan Ruga kafin ku ɗauki mota.

Bakatsine:
Wannan ita ce waƙa! Goggo, ina yabon?

Goggon Haɗeja:
Kwana biyu yana shirya ta. Ɗan Ruga nan take ya yi tasa.

Ɗan Ruga:
Kwana biyu babu caji, in ji shi,
Kwana biyu tumaki na ɓata a Doguwa.

Ka goge bakinka tukuna Yerwa,
Akwai gashin rago a haɓa, ga shi kuwa.

Yerwa:
Zan zo Asabar ɗin, don in tsaya kusa da kai a ɗauki hoto, jama'a su yi hukunci.

Ɗan Rimi:
To alhamdu lillahi. Waɗanda suka tabbatar: ni, Baba Maharbi, Yerwa, Ɗan Ruga. Goggo ta ce za ta aiko da dambun kifi amma ƙafarta ba za ta taka ba. Bakatsine ya turo mini a gefe wai yana da ɗaurin aure. Gobe zan kira wani ɗan uwa a Tudun Wada ya kai mu wurin dagaci da ma'aikatan gandu, in sun ce a'a, mu tsaya Tiga mu ci kifi mu dawo. Kuɗin mai a raba daidai. Malam Mai Alli, kujera ɗaya ta rage a mota.

Bakatsine:
Abin da na faɗa maka a gefe, a gefe na faɗa.

Mai Alli na Zazzau:
Zan duba jadawalina. Amma Ɗan Rimi, na koma kan waƙar farko. "Ragon namiji ya tsaya, ban hana." Ina "ba" ta ƙarshe? "Ban hana ba" ake cewa. Ka yanke ta don amsa-amo.

Ɗan Rimi:
Dodo ya cinye ta. Za ka zo ko ba za ka zo ba?