Ɗigon haske ya ƙi barin tsakiyar hoton SLM ɗina

Assalamu alaikum malamai da 'yan'uwa masana kimiyyar haske. Don Allah ina neman agajinku.

Ina aiki da SLM, wato ƙaramin allo mai sarrafa siffar haske, na ruwan kiristal mai mayar da haske, irin wanda ke jinkirta igiyar haske a kowane fiksel. Lezar tawa koriya ce, nanomita 532. Burina in mayar da hasken zobe, kuma da lissafin Gerchberg da Saxton na 1972 nake haɗa hologiram ɗin, wato zanen launin toka da nake aika wa SLM ɗin. Zoben yana fitowa a bayan lens, amma a tsakiyarsa akwai ɗigo mai tsananin haske da ke cika idon kyamara fal.

Na juya alkiblar girgizar hasken har ta dace da kwanciyar kiristal ɗin, ɗigon ya ragu kaɗan kawai. Sai na ɗora wa SLM ɗin zane mai haƙoran zarto don in karkatar da zoben gefe, na tare ɗigon da farantin ƙarfe mai ƙaramin rami. Ɗigon ya ɓace, amma zoben ya dusashe, ga kuma wani zobe mai rauni a ɗaya ɓangaren.

Abin da nake zargi shi ne teburin da ke danganta matakan launin toka, 0 zuwa 255, da jinkirin igiya. An saita shi ne don jan haske, nanomita 633, don haka a kore jinkirin zai zarce 2π, wato tsawon igiya ɗaya cif.

Yaya zan auna teburin da kaina ba tare da na'urar karo igiyoyi ba? Idan na sa zane mai layi biyu ina sauya tokar ɗaya, ina auna ƙarfin hasken da ya karkace, hakan ya wadatar? Kuma nawa ne daga ɗigon laifin tazarar da ke tsakanin fiksel-fiksel, wanda gyaran tebur ba zai taɓa ba?

Allah ya saka da alheri.