Ƙananan fulawa masu kaurin ganye: halitta ce ko aikin magani?

Maman Hanifa: Jama'a, ku raba mana gardama. Na sayi wata 'yar fulawa mai kaurin ganye, faɗinta bai wuce murfin kwalba ba, ganyen a dunƙule gwanin sha'awa. Wata biyar ke nan, ta miƙe ta yi dogon wuya, ganyen ya wawware. Ƙanwata ta ce dama babu mai ƙanƙanta haka a halitta, magani ake zuba musu.

Baba mai lambu: Ƙanwarki ta yi gaskiya, 'yata. Akwai paclobutrazol, wanda masu gonar mangwaro ke zubawa a gindin bishiya. Yana hana tsiro haɗa gibberellin, sinadarin da ke sa kara tsawo, sai gaɓoɓi su matse, ganye ya ƙara duhu. Ranar da ƙarfinsa ya ƙare a ƙasar tukunya, tsiro ya koma halinsa.

Malama: Baba, ban musa akwai maganin ba, "babu a halitta" ɗin ne ban yarda da shi ba. Wata 'yar tsiro mai suna Blossfeldia liliputana tana fitowa a tsagar duwatsun Ajantina da Bolibiya, ko ta tsufa faɗinta santimita 1 ne da 'yan kai. Ga Lithops na Namibiya da Afirka ta Kudu, ganye biyu kacal, nutse cikin tsakuwa. A 1811 wani Bature masanin tsirrai, William Burchell, ya sunkuya ya ɗauki ɗaya yana zaton dutse ne. Ƙanƙantar ce ke kare su daga ƙarancin ruwa da bakin dabbobi.

Baba mai lambu: Na ji, Malama, amma ba su ne suka cika teburin masu sayarwa ba. Yadda ta kwatanta tata, Echeveria ce, 'yar ƙasar Meziko, kuma ita girma take yi.

Malama: To, ai jaririya aka sayar mata, kamar 'ya'yan da kabar giwa ke fitarwa a gindi. Maman Hanifa, ina kika ajiye ta?

Maman Hanifa: A falo, kusa da talabijin, nesa da taga.

Malama: Neman haske ne ya miƙar da ita. Ko ba a taɓa zuba mata komai ba, haka za ta yi a wurin nan.

Baba mai lambu: Ni dai ban janye ba, na sha ganin masu dogon wuya a inda rana ke bugawa sosai. Amma fitar da ita inda hantsi ke bugawa, ki rage ruwa. In sabon ganye ya fito a matse, Malama ta ci.

Maman Hanifa: Gobe da safe za ta koma baranda, in Allah ya yarda.