Wa zai zauna a asibitin ƙauye?

Ungozoma:
Salamu alaikum 'yan uwa, yau ni zan buɗe fage, amsa-amon "ya" ne, kar wanda ya kauce.

Asibitin ƙauye gini ya yi kyau,
An sha fenti, ba mai duba lafiya.
Nas guda ce a ɗakin haihuwa,
Ita ke ba da magani, ita ke jinya.
Ta kwana tsaye ta zarce da safe,
Ran da ta kwanta, kowa sai ya juya.

Akawu:
Hajiya ana fa ɗaukar ma'aikata,
A yi intabiyu, a tura su karkara gaba ɗaya.
Wata uku sai ga takardar neman canji,
Kowa birni ya sa a zuciya.
Ƙasar Tailan ta wajabta wa sabbin likitocinta shekara 3,
Ka yi wa gwamnati aiki ko ka biya.
Afirka ta Kudu tun 1998 shekara 1 ce,
A yi musu dole kawai, shi ne gaskiya.

Dakta:
Haba Malam Akawu ka taɓo ni fa, to saurara.

Dole na kai mutum, ba ta zaunar da shi,
Wa'adi na cika ya kama hanya.
Ka turo ni, ina gidan da zan kwana?
Ruwa sai na bi layin rijiya.
Tiyata da fitilar waya nake yi,
Jini babu, mai naƙuda na shan wuya.
Alawus na karkara a takarda yake,
Ƙarin girma kuma na birni ya bar ni a baya.
'Ya'yana wace makaranta za su?
Ku amsa wannan kafin ku kira ni mai son zuciya.

Ɗan Ƙauye:
Dakta ranka ya daɗe ban musa ba,
Amma ji shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya.
Tun 2010 ta ce a ɗebi ɗaliban karkara,
Su suka fi komawa gida su yi jinya.
Habasha ta zaɓi mata daga ƙauyukansu,
Horo aka ba su na shekara ɗaya.
Biyu biyu a ƙaramin asibiti,
Rigakafi da awon ciki ba sai an yi tafiya.

Ungozoma:
Wallahi ka burge ni ƙanina, kuma ita hukumar dai a 2016 ta ce duk mutum 1,000 suna buƙatar likita da nas da ungozoma, jimillarsu aƙalla 4.45, to ku duba asibitin da ke kusa da ku ku lissafa da kanku ni dai ban ce komai ba.

Dakta:
Na yarda da rabi, Ɗan Ƙauye,
Su ma sai an biya su, ba yabo ba da dariya.
In haihuwa ta gardama ba sa yin tiyata,
Motar asibiti fa, Akawu, tana da taya?